Biskit ɗin Malam Barau

Lauratu ta ɗaga murfin tukunyar, hayaƙi ya bugi fuskarta. Biskit ɗin duk sun ƙone ta ƙasa. Ta kwashe su cikin faranti ta tura gefe, ta tsaya tana kallon yashin da ta shimfiɗa a gindin tukunyar, wanda a kansa take ɗora tiren gashi.

"Wuta ta yi yawa," in ji Inna Mairo, mahaifiyarta, daga bakin madafi. "Ni dai ban taɓa ganin an tari Sallah da abincin jarirai ba."

"Ot ne, Inna. Manya ma suna ci."

"To, Allah ya ba da sa'a."

Saura kwana biyu Ƙaramar Sallah. Jiya Lauratu ta iso garinsu, Sule Tankarkar, daga Gumel, inda take koyarwa, da gwangwani ɗaya na ot, hatsin nan na Turawa, da lemo goma a leda. Wata ma'aikaciyar jinya da suke haya gida ɗaya ce ta koya mata haɗin: ot, ƙwai, ɗan mai, dabino kaɗan maimakon sukari, sai gogaggen ɓawon lemo don ƙamshi. Ta ce mai ciwon suga zai iya cin ɗaya ko biyu.

Watanni uku ke nan da aka gano ciwon a jikin mahaifinta, Malam Barau. Mutumin da ya yi shekara talatin yana dillancin shanu a kasuwar Maigatari, muryarsa tana kaiwa ƙarshen kara, yanzu sai an kasa kunne ake jin sallamarsa. Abin da ya fi karya shi, likita ya hana shi azumi. Tun da watan ya kama ya daina zama a ƙofar gida. Da rana akan kai masa abinci ɗaki, ya saki labule ya ci kamar mai laifi. Ya riga ya faɗa wa Inna cewa bana kada a shimfiɗa tabarma a zaure, ba zai zauna karɓar gaisuwar Sallah ana miƙa cincin ta gabansa ba.

Lauratu ta rage garwashi, ta jera wani zubin. Wannan karon sun fito jajaye, ƙamshin lemo ya cika tsakar gida. Ta ɗauki ɗaya ta kai kusa da baki, sai ta tuna tana azumi. Ko la'asar ba a kira ba. Ta dubi Inna, Inna ta dubi rana. Idan ta jira shan ruwa, kwaɓin da ya rage zai saki.

Ta daɗe a tsaye da farantin kafin ta nufi ɗakin mahaifinta. Ta yi sallama ta durƙusa a bakin ƙofa.

"Baba, taimako nake nema."

Yana kishingiɗe, rediyo a kan cikinsa, ba a kunne ba. "Wane taimako ne ya rage a wurina?"

"Abu na gasa, ban san ko ya yi ba. Duk gidan nan kai kaɗai za ka iya gaya mini."

Ta ji kamar ta yi ɓaranɓarama. Ta sunkuyar da kai, tana shirin ba da haƙuri, sai ta ji motsin tashinsa. Ya ɗauki ɗaya, ya juya shi gaba da baya yadda yake duba haƙoran bijimi, ya gutsura. Ya tauna a hankali.

"Akwai ɗaci."

"Ɗaci, Baba?"

"Kin goge ɓawon har farin. Saman kawai ake so. Kuma babu gishiri ko kaɗan." Ya sake gutsura. "Waye ya ce miki in an rasa sukari sai a rasa gishiri?"

Ta koma ta goge sabon lemo, ta ƙara ot, ta barbaɗa gishiri. Zubi na uku ya ce ya yi laushi. Kafin na huɗu ya fito, sai ga shi da kansa a tsakar gida, ya jawo kujera 'yar tsugunno ya zauna kusa da murhu, yana cewa a ƙara garwashi a kan murfi. Inna ta ci gaba da tankaɗe, ba ta ɗago ba, amma hannunta ya rage sauri.

Ya ci na huɗun a gabansu, rana ba ta faɗi ba, bai juya baya ba.

"Wannan ya yi," ya ce. "Nawa za a samu?"

"Kamar ashirin. Za su kai maka kwanakin Sallah, zan ajiye maka a ɗaki."

"A ɗaki?" Ya kaɗe hannu. "Mutanen kara kaɗai sun fi ashirin. Ni ba zan ci wani abu daban baƙina su ci daban ba. Abin da zan ci shi za a miƙa wa kowa."

"Baba, ot ɗin ya ƙare. Sai Gumel."

Ya ɗaga kai ya auna rana, sannan ya dafa gwiwa ya miƙe.

"Usaini mai babur bai wuce bakin tasha ba yanzu. Mairo, miƙo mini hulata. Ke kuma ba ni gwangwanin nan, kada ya je ya sayo mana wani abin."