Shawarar Yaya Abdoulrazak

Da Nazifa ta ci bak, jarrabawar gama sakandare, duk unguwarsu a Malanville an san konkur, wato jarrabawar shiga makarantar injiniyoyi, take nema. Ubanta, Malam Manzo mai sayar da albasa, bai san kan boko ba, sai ya haɗa ta da Abdoulrazak, ɗan wansa, wanda ke karatu a makarantar kuma ya zo hutu. A gidan ba a kiran sunansa, Injiniya ake ce masa.

Ta baje littattafanta a tabarma. "Yaya, lokaci ya ƙure. Mi zan sa gaba?"

Ya ɗaga littafin fizik, ya yi murmushi. "Wanga kaya ne kawai. Lissafi kin iya, fizik kuwa tambaya ɗaya ko biyu suke yi. Faransanci ke kada mutane, can za ki dage."

Ya ba ta littafin nahawu mai kauri, ya tafi da na fizik, wai wani abokinsa a Gaya yana so. Da ta roƙi tambayoyin shekarun baya, ya ce wayar da suke ciki ta faɗa ruwa. Nazifa ta yarda, domin shi ya taɓa shiga ɗakin jarrabawar. Damina ta ƙare tana haddace nahawu, har a rumfar albasa.

Ranar konkur a Parakou aka ajiye mata takardar fizik, shafi bayan shafi. Ta duba, ta sake dubawa. Da aka fito ta ji 'yan takara suna cewa kowa ya sani fizik da lissafi ne ke da nauyin maki, faransanci ɗan cikon benci ne.

Sakamako ya fito babu sunanta. Ta tarar da Abdoulrazak a zaure yana goge takalmi.

"Yaya, ka sani?"

Bai ɗaga kai ba. "Na sani mana."

"To don mi?"

"Gida guda, injiniya guda ya isa. In kin shiga, kika fi ni maki, mi za a kira ni?" Ya hura takalmin. "Je ki faɗa wa Baba. Mu ga wa zai yarda da shi."

Ta faɗa. Malam Manzo ya saurare ta har ƙarshe, sannan ya ce wanda ya faɗi ba ya rasa tuntuɓen da zai zarga. Yaro ya bar hutunsa ya koya mata, sakayyarsa ke nan? Ya sa aka kira Abdoulrazak, ya ce ta durƙusa ta ba shi haƙuri a gaban mutanen gida.

Ta durƙusa. Abdoulrazak ya ce ba komai, ai yarinya ce, kuma in za ta sake gwadawa baɗi, a shirye yake ya taimaka.