Roka Uku da Tsohon Kwalekwale

A shekara ta biyu ta babban yaƙi, bayan jiragen Brazil sun toshe kogi, aka tara mutum goma sha huɗu a wata rumfa ƙasa da birnin Asunción, aka ce su ƙera roka. Duk cikinsu babu lafiyayye, daga tsoho sai gurgu sai mai ido ɗaya. Babbansu Policarpo Ozuna, wanda ya shekara ashirin da shida yana harba wasan wuta a bukukuwan coci a garin Pirayú. Ko harafi bai sani ba, yatsunsa takwas ne suka rage, amma da hanci yake gane albarushi mai kyau.

Kyaftin Arrúa kuwa matashi ne mai littafin Turawa. Littafin ya ce kowace roka a ɗaura mata sanda kamu takwas, ta wani itace da ake kawowa daga ƙetare. Itacen babu shi, hanya a rufe. Sai ya sa aka saro gora, aka datse ta kamu takwas cif, tunda haka aka rubuta. Roka biyar aka gwada, duka suka wuntsila a sama kamar kazar da aka yanka. Ta biyar ma juyowa ta yi ta cinye musu bukkar girki.

Ran Talata da hantsi kyaftin ya tara su, ya faɗa musu ba kwana-kwana. Bututun ƙarfe na roka uku ne kawai suka rage. Ga tsohon kwalekwale can an ɗaure a tsakiyar kogi. In ba a same shi yau ba, za a rufe rumfar, jirgin Alhamis ya kwashe su zuwa ramukan yaƙi na kudu, kowa da mashi a hannu. Policarpo ya dubi Toribio maƙeri, uban baftismar 'yarsa, wanda ke jan ƙafar hagu tun yana yaro. Mutumin da ba ya iya cim ma agwagwa, ina zai iya da sojan doki?

Policarpo ya ce wa kyaftin gora ba ta kai wancan itacen nauyi ba, don haka wutsiyar ba ta riƙe kan rokar. A bar shi ya auna irin yadda yake auna na biki. Kyaftin ya ce yaƙi ake yi, ba ranar waliyyi ba. Aka ɗora ta farko a kan dogon indararon katako mai ƙafa uku, aka kunna. Ta tashi da gurnani, ta yi adungure sau biyu, ta faɗa cikin laka tana huci.

Kyaftin ya rufe littafin, ya ce, "To tsoho, nuna mana."

Policarpo ya matso ya ɗauko roka ta biyu. Ƙaramar roka a kan yatsa ake ɗora ta, daidai bayan bakin wuta. In wutsiya ta ɗan rinjayi kai, ta yi. Wannan ta fi ƙarfin yatsa, sai ya sa Toribio ya miƙe damtsensa.

"Riƙe da kyau, kompadre aminina. Yau dai hannun nan zai yi abin kirki ban da ɗaga kwalba."

"Kai dai auna, mai yatsu takwas. In ta tashi da ni, a gadonka zan sauka."

Duk gorar da aka ɗora sai kai ya rinjaya. Babu doguwa a rumfar, an datse su kaf. Policarpo ya waiga, ya hango gorar shanyar Ña Eduvigis mai wanki, busasshiya, miƙaƙƙiya, ta kusa kamu goma sha biyu. Ya ruga ya zazzage kayan da ke kai. Matar ta biyo shi da taba a baki tana zaginsa har kakanninsa, tana cewa wandon kyaftin ne wannan da ya zubar a ƙasa. Kyaftin ya ce a bar wandon.

Policarpo ya riƙa rage gorar da adda, taƙi-taƙi, yana ɗorawa yana saukewa, har wutsiya ta sunkuya a hankali ta tsaya. Ya ɗaure da igiyar fata, ya zare tabar daga bakin Ña Eduvigis ya dangwala wa lagwani.

Rokar ta fita sambal. Babu wuntsilawa, babu karkata, sai farin hayaƙi a miƙe kamar an ja zare a kan ruwa. Ta tsallake kwalekwalen, ta je ta fashe a yashin ƙetare, tsuntsaye suka tashi gaba ɗaya. Mutanen suka kaure da ihu, mai ido ɗaya ya jefa hularsa cikin kogi. Kyaftin ya bari suka gama, sannan ya tuna musu kwalekwalen na nan daram, kuma saura ɗaya.

Gora ta biyu Ña Eduvigis da kanta ta ciro ta kawo. Wannan ta fi kauri, kamu goma ta tsaya. Policarpo ya durƙusa bayan indararon, ya runtse ido, ya sa aka sauke bakinsa faɗin tafi ɗaya. Ya jiƙa yatsa ya ɗaga, ya jira iska ta lafa. Toribio na karanto addu'a yana haɗiye rabi.

Ta tafi ƙasa-ƙasa, ta mari ruwa, ta yi tsalle, ta shige cikin kwalekwalen ta gefe. Katako ya watse sama, abin da ya rage ya kama da wuta. Toribio ya rungumo Policarpo suka faɗi tare a laka, tsofaffi na rawa da ƙafafun da ba sa taku.

Kyaftin ya fito da fensir, ya ce a faɗa masa tsawon sandar ya rubuta. Policarpo ya ce babu tsawo. Kowace gora da nauyinta, sai an ɗora an ji. Kyaftin ya ce rumfa ta tsira, mutum goma sha uku za su zauna su ƙera. Amma roka da gora daban-daban ake loda su a jirgi, can kudu ake ɗaurawa, kuma hannun da ya san aunawa ɗaya ne, dole mai shi ya bi jirgin.

Toribio ya buɗe baki zai yi magana. Policarpo ya ce masa ya je ya hura wutar maƙera, ƙarfe ba ya naɗe kansa. Ya goge addarsa a wando, ya tambayi kyaftin ko jirgin Alhamis ɗin na ɗaukar gora mai kamu goma sha biyu.