Dutsen da Auta Ya Yi wa Wanka

Tun yana da gashi a ka ake kawo wa Dakta Mai Tsakuwa baƙaƙen duwatsu a sashen ilimin ƙasa, kowa na rantsuwa daga sama nasa ya faɗo. Ya ga kashin maƙera, ya ga ƙonannen bulo, har busasshen kashin raƙumi ya taɓa dubawa da gilashin ƙara girma. Ga ritaya ta ƙarato, bai taɓa tantance na gaske ko ɗaya da hannunsa ba.

Sai ga Auta, ƙanin matarsa, direban babbar mota mai ratsa hamada, ya dire masa wani abu a tebur kamar curin gawayi.

Dakta ya ɗaga, ya ji ba nauyi. Ya ga ɓawon ƙuna a bayansa, ga 'yan ƙwallaye kamar gero ta wajen da ya ɓantare, da fararen ɗigo-ɗigo. Wannan kam na gaske ne. Irin masu sinadarin gawayin nan ne, waɗanda suka girmi duniya. Saura a gane danginsa, kuma gawayin da ruwan da ke cikinsa su ne shaida, muddin ba abin da ya taɓa su.

Sai ya lura yatsunsa na santsi.

"Auta, me ya sa yake ƙyalli?"

"Ai gyara shi na yi, Yaya. Wa zai kawo wa Dakta guda abu da datti? Na jiƙa shi a bokiti, na dirje da sabulu."

"Sabulu."

"Da ya bushe ya yi furu-furu, sai na shafa masa baƙin mai."

Dakta ya cire tabarau ya dafe goshi. "Dutsen nan ya yi shekaru a hamada, ko raɓa ba ta ishe shi ba. Ya tsallake wutar sama lafiya. Ashe kai ne ajalinsa."

"Daga taimako? Har maganaɗisun lasifika na manna masa don in tabbatar."

"Ka kyauta. Saura turare. A ina ka tsince shi?"

"Gefen wani tudun yashi. Ba ya ɓata, dogo ne."

"Tudun da iska ke kwashewa?"

"To, da yana nan dai."

Fata ɗaya ya rage, wataƙila man bai kai tsakiya ba. Dakta ya kai dutsen ɗakin gwaji, ya sa safar hannu, ya rufe hanci da baki, ya kafa wa Auta doka ya tsaya bakin ƙofa, hannu a aljihu. Ya yanka da busasshen zarto a hankali, yana yi yana mita. Dutsen ya sha mai kamar soso. Yanka bayan yanka duk jiƙe, sai can ciki ya tarar da wuri busasshe, bai fi ƙwayar wake ba.

"Ka gani?" Ya ɗago shi da hantsaki, ya janye ƙyallen bakinsa don Auta ya ji da kyau. "Wannan kaɗai ya tsira daga hannunka. Aikin nan natsuwa yake so, ba karambani ba."

Ya kai shi kusa da ido. Ƙurar zarto ta rufe ƙwallayen. Kowane mai nazarin duwatsu ya san maganin wannan tun yana ɗalibi a daji, in dutse ya yi ƙura, a ɗan jiƙa shi, zanensa ya fito. Kafin kai ya yi tunani, harshe ya riga ya yi aikinsa.

Ƙwallayen sun fito raɗau, suna sheƙi da yawunsa.

"Yaya," in ji Auta daga bakin ƙofa, hannu na aljihu har yanzu, "da gishiri?"

Dakta ya ajiye hantsakin, ya nemi kujera ya zauna.

"Kar yayarka ta ji."