Inda Mangwaron Yake

Tun daga Pokuase, a bakin Accra, Zuera ta fara zargin direba ya ɓata hanya. Da ta bar Accra, shekara ashirin da 'yan kai da suka wuce, wajen nan ramuka ne da jar ƙasa, mota na tafiya tana nishi. Yanzu ga titi a kan titi, wani ya hau, wani ya nutse, motoci na wucewa ta saman kan mutum. Ta manna goshi a gilashi tana kallo, ƙafafunta sun kumbura da zaman mota tun daga Yamai. Gari ya yi kyau, ba ta musun wannan. Ita dai ba kallon gari ya kawo ta ba.

Akwai ɗa da ta bari a unguwar Maamobi. Ɗanta na fari ne, ya zo ya koma kafin ranar suna, aka binne shi a bayan gida, gindin mangwaro, yadda ake yi wa jarirai a lokacin. Tana ɗakin jego aka fita da shi, mace kuma ba ta zuwa wajen binnewa. Tsofaffin gida suka ce ta haɗiye kukanta, ɗan fari ne, abin kunya ne a ji bakinta a kansa. Ta haɗiye. Har yaba mata aka riƙa yi a unguwa, ana cewa a je a koyi haƙuri wajen Zuera. Daga baya auren ya mutu, wani mai fataucin goro ya aure ta ya tafi da ita Nijar, ta haifa masa biyar. Duk tsawon shekarun nan ba ta taɓa tsayawa a kan kabarin nan ta ɗaga hannu ba, ko sau ɗaya. Yanzu da idonta ya fara hazo, ta ce sai ta zo ta tsaya kafin ganin ya tafi gaba ɗaya.

Yayanta Osumanu ne ya tarye ta a tasha. Ya yi tumbi, ya yi furfura, bakin ne dai yana nan yadda ta bar shi. Tun da suka shiga tasi yake nuna mata gari kai ka ce da hannunsa ya gina shi.

"Kin ga wannan gada? Da nan ruwa ke cin mutane. Kin ga masallaci? Har daga ƙasar waje ana zuwa ɗaukan hoto. Zuera, Accra ya tashi. Yamai ɗinku yana da irin wannan?"

"Babu, Yaya."

"Na sani babu."

Suka shigo Nima. Hayaniyar tana nan, warin soyayyen kifi yana nan, yaran motocin haya na trotro na rataye a ƙofa suna kiran fasinja. Amma babbar kwatar da ta raba Nima da Maamobi, wadda a da mutum ke toshe hanci tun daga nesa, an ɗaure mata gefe da siminti. Inda ta sha bin layin famfo da bokiti a ka, shagon waya ne mai ƙofar gilashi. Ta nemi ta ji daɗi, ta kasa. Duk abin da Osumanu ya nuna da yatsa, sai ta ga an cire wani abu ne da ta sani aka dasa shi.

Da tasi ta tsaya ba ta motsa ba, don ba ta ga gidansu ba. Bene ne hawa uku, fari fat, shaguna jere a ƙasa.

"Sauka mana," in ji Osumanu yana dariya. "Na ce kar kowa ya gaya miki. Wani mai hali ne ya gina, ya riƙe shaguna, mu muka samu sama. Har ɗakinki yana nan, da bayi a ciki. Ba sauran fita da buta."

Memuna matarsa ta rungume ta, ta kawo ruwan sanyi, ta kawo shinkafa da wake da yaji irin wanda Zuera ta yi shekaru tana kewa. Ta ci loma biyu don kar a ce ta raina. Sannan ta ce za ta zaga ta miƙe ƙafa.

Gidan ba shi da baya. Ta bi wani siririn lungu, ta tarar da katanga, da tankin ruwa a kan ƙarafa, da injin wuta yana ta ƙara. Ko'ina siminti ne, babu ƙasar da kaza za ta tona. Ta tsaya tana lissafi da ido: ɗakin mahaifiyarsu yana nan, madafi yana can, to mangwaron yana... Sai lissafin ya kwance, don ginin ya cinye tsohon gida da bayansa, ya ƙara da wani yanki na maƙwabta.

Ta hau sama ta sami Osumanu a baranda yana shan shayi. Ta zauna nesa da shi kaɗan. Maganar ta yi mata nauyi a baki, kamar yadda ta yi mata nauyi a waya duk shekarun nan. Ta ina mace za ta fara tambayar ɗan fari, da furfurarta?

"Yaya, mangwaron fa?"

"Wannan tsohon? Ai ya daina 'ya'ya tun tuni. Kina son mangwaro a sayo miki a kasuwa."

"Ba shi nake nufi ba. Abin da aka ajiye a gindinsa."

Ya dube ta, kofi a hannu. Ba ɓoye-ɓoye a fuskarsa, wannan ne ma ya fi yi mata ciwo. Neman abin yake a kansa da gaske.

"Me aka ajiye?"

"Yarona."

Injin wuta na ta ƙara a ƙasa. Osumanu ya ajiye kofin a hankali.

"Innalillahi. Wallahi, Zuera, ya fita a kaina. Ba wanda ya sake maganarsa. Ke ma ba ki taɓa yi ba."

"Ku kuka ce kar in yi."

"Ba ni ba, su Mma ne."

"Su Mma sun tafi. Kai ka rage da ka san wurin. Nuna mini kawai, ko ƙarƙashin shago ne in tsaya a ƙofa in yi addu'a."

Ya shafa gemu, ya kalli titi. Ya ce ginin bene ba kamar na da ba ne, sai an haƙa ƙasa da zurfi, ya fi tsayin mutum. Mota mai haƙa ce ta zo ta tumɓuke itacen da saiwarsa, ta kwashe wajen duka.

"Ƙasar fa?"

"Tifa ya kwashe."

"Zuwa ina?"

"Suna kaiwa inda ake cike fadama a yi sababbin gidaje. Ko wajen hanya. Ban tambaya ba."

Zuera ta tashi ta dafa ƙarfen baranda. Daga nan ana hango gari har inda idonta ya gaza: benaye, gadoji, hasumiyar masallaci, motoci ba iyaka. Ta tsani garin nan a lokacin, ta tsani tsofaffin da suka yaba mata, ta fi tsanar kanta da ta ji daɗin yabon. Ta ɗaga hannu za ta yi addu'ar da ta taho da ita tun daga Yamai, sai ta rasa inda za ta kalla. Ta sauke.

Osumanu ya matso, muryarsa ta yi laushi. So yake ya gyara.

"Ki yi haƙuri. Jumma'a zan sa liman ya yi masa addu'a, a yi sadaka. Sai dai ki tuna mini, don in gaya wa liman daidai. Namiji ne ko mace?"

Ta juyo ta kalle shi sosai.

"Namiji ne, Yaya. Kai ka karɓe shi daga hannuna."