Bijimi Mai Karyayyen Ƙaho

Tun da ƙanena Abdulnasir ya tafi karatu Birnin Kudu ya dawo mana da sabuwar cuta, wai shi mai ba da labari ne a bidiyo. Akwai wasu samari biyu 'yan Kano da yake kallo a waya kamar ya haɗiye su. A wurin ɗaya ya koyi sakaya suna, a wurin ɗayan ya koyi yanke labari a tsakiya a ce sai kashi na biyu. Da farko har muryarsu yake kwaikwaya, yana maƙe wuya kamar mai mura. Da ya ga ba mai kula shi, sai ya ce ya gano bakin zaren, dole ya nemi salon kansa da labaran garinmu. To, a nan ya jawo mana.

Mu a Farin Dutse gonarmu jigawa ce, ba ta yi sai da taki. Duk shekara in an gama girbi, Baffa Maikano, makiyayi abokin Babanmu, yakan sauke shanunsa a cikinta, su ci kara su zuba mana kashi har damina ta matso. Da wannan muke ci. Abotar kuwa daga rigima ta faro. Muna yara wani farin bijiminsa mai karyayyen ƙaho ya yi mana ɓarna a dawa, Baffa ya musanta a gaban mai unguwa. Daga baya ya zo da ƙafarsa ya durƙusa wa Baba ya nemi gafara. Dattawa suka ce an binne maganar, kada wanda ya sake tono ta.

Ita ce Abdulnasir ya lallaɓi Inna ta ba shi tana tsintar wake, baiwar Allah ba ta san abin da zai yi da ita ba. Ya sauya sunan Baffa, ya ce a wani gari ne can nesa. Amma bijimin ya bar shi yadda yake, fari, ƙahon hagu a karye, don malaman nasa na waya sun ce irin waɗannan ƙananan abubuwa su ne gishirin labari. Sai ya yanke daidai inda makiyayi ya shara ƙarya a gaban mai unguwa.

A Kano in ka sauya wa mutum suna ya ɓace ke nan. Mu a nan da shanunsa ake sanin mutum. Kafin ranar kasuwa bidiyon ya shiga kowace waya, har an fara yi wa 'ya'yan Baffa shaƙiyanci a teburin mai shayi.

Na same shi a shagon cajin waya yana ta washe baki. Raina ya gama ɓaci, na ce ya goge abin nan yanzu.

“Yaya, ai ban kama suna ba,” in ji shi. “Kuma a kashi na biyu zan nuna ya tuba.”

“Wa zai tsaya jiran tubar mutum bayan ya gama dariyar ƙaryarsa?”

Ya ce ban san sana'ar ba ne, yau ne karon farko da aka saurare shi da muryarsa. Saura kaɗan in kwaɗa masa mari. Ya goge daga baya, amma abu ya riga ya bazu. Kashi na biyun kuwa da ya sake shi ko kare bai kalla ba.

Aka gama girbi, shanu ba su zo ba. Muka ji an sauke su a gonar wani can hanyar Kwandiko. Baba ya ce in raka shi wurin Baffa. Baffa ya shimfiɗa mana tabarma, ya sa aka kawo nono, ya gaishe mu tsaf kamar baƙin da bai taɓa gani ba. Da Baba ya fara ba da haƙuri, sai ya ɗaga hannu.

“Malam Yunusa, yaro ba ya cikin zaurenka ranar da na durƙusa maka. A cikin gidanka aka ba shi labarina.”

Baba bai taɓa ƙwaryar nonon ba. A hanyar dawowa muka bi ta gonar, kara yana nan tsaye babu abin da ya taɓa shi. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce mini damina mai zuwa rabi za mu shuka.