Beyar Mai Yagaggen Kunne

"Danna mana, Fausia," in ji Baba Mahamudu. Kafin in danna, kifin ya kuɓuce.

Na ajiye kyamarar a cinya. Daga aikina na care home, gidan kula da tsofaffi, na taso, bayana kamar zai ɓalle, ga ni zaune ina ɗaukar talabijin hoto sai ka ce marar aikin yi. Baba maƙwabcina ne a unguwar Woolwich a nan Ingila, tsohon direban bas. Shekara da shekaru yana cewa zai je Alaska ya ɗauki hoton beyar, manyan namun dajin nan masu gashi, suna kamun kifin salmon a wani kogi. Ya sayi kyamara, ya yi booking ɗin jirgi, sai ciwon daji ya kwantar da shi. Yanzu ta intanet yake kallon kogin kai tsaye, hannunsa kuwa rawa yake, shi ya sa ni ce mai dannawa.

Akwai wani tsohon beyar mai yagaggen kunne da Baba ya mayar nasa. Ƙartin beyar ɗin kullum sai su ture shi gefe, inda kifi ba ya tsalle. Hoto ɗaya tak Baba yake so, na tsohon nan da kifi a baki.

"Baba, ka sha kunun nan."

"Shi ma bai ci ba, 'yata."

Wallahi haushi ya kama ni. Ni da na dama kunun ina gyangyaɗi.

Ranar Alhamis da la'asar Margaret, nas ɗinsa, ta zo da masu ambulance za su kai shi hospice, gidan jinyar waɗanda ciwonsu ya kai ƙarshe. Suna ɗora shi a keken marasa lafiya sai ga tsohon beyar ya cafke wani ƙaton kifi. Na wawuri kyamarar. Garin sauri na taɓo wani maɓalli, flash ya haska gilashin talabijin. Hoton fari fat, babu beyar, babu kifi.

"Ya fito?" in ji Baba.

Na so in yi masa ƙarya, na kasa. Na nuna masa. Ya daɗe yana kallo, ni kuwa kuka nake son yi.

"Amma ya ci?"

"Yana kan ci ma, Baba."

"To, mu je."

Ran Asabar da hantsi ya rasu, Allah ya jiƙansa. Bayan jana'iza na shiga flat ɗin in kashe masa wuta, na tarar da talabijin a kunne. Ruwan kogin yana ta zuba. Tsohon beyar na kwance a bakin kogi yana barci, tsuntsaye suna tsattsagar ƙayar kifi a gefensa.