Maɓallin Kawu Sjeng

"Ba zan sauke ta ba," na ce.

Wiel, shugaban majalisar titinmu, yana tsaye a ƙofata da hular biki mai ƙararrawa a kansa, idanunsa sun yi ja. "Lieke, mutum ya rasu. A sauko da tuta rabin sanda. Umarni ne."

"Umarnin wa? Wanda ya ɗinka ta bai ce haka ba."

Lahadin bikin kanifal ce. Duk shekara, kwana uku kafin azumin coci, titinmu yakan ɓalle daga gari ya zama Jamhuriyar Kabeji. Maƙwabcina Kawu Sjeng, tsohon tela, shi ya ɗinka tutar shekara arba'in da suka wuce: kore da fari, da kabeji sanye da kambi a tsakiya. Tun da ƙafafunsa suka gaza, a tagar benena ake kafa ta. Da safen nan ya cika.

Ranar Alhamis da ta wuce na kai masa miyar wake, na tarar ya shimfiɗa tutar a kan bargonsa. Tun ina ƙarama nake son sanin sirrin maɓallan da ke jere a gefenta, babu biyu masu kama da juna.

"Kawu, jamhuriya da kambi?"

"Shi ya sa muka ɗora wa kabeji, Malama Lauya. Duk karatun naki bai kai nan ba?"

"Maɓallan fa?"

Ya bi su da yatsa. "Wannan na rigar Funs mai burodi ne. Wannan na matata. A ƙasarmu ba a mutuwa, kwana uku ne kacal, mutuwa ta jira. Laraba, in an shafa toka a goshi a coci don fara azumi, sai a sauke tuta a ɗinka wa mutum maɓallinsa."

Ya ɗauki almakashi, ya yanke maɓalli ɗaya daga falmaransa ya danƙa min. "Kada ki bari Wiel ya sauke min ita. Shi wannan mutumin, ko kare aka buge kuka yake."

Duk na faɗa wa Wiel. Ya girgiza kai, ƙararrawar ta yi ƙara. "Wasa ne fa, yarinya! Ƙasar wasa ce!"

"Wasan da ya yi shekara arba'in yana yi da gaske."

Da la'asar Riet, 'yar marigayin, ta iso daga birni. Ta tsaya tsakiyar titi ta ɗaga kai. "Ubana na kwance, ke kina kaɗa tsumma a kansa? Ba ki da kunya?"

Na sauko na nuna mata maɓallin a tafin hannuna. Ta dube shi, ta gane shi, amma ta ce, "Ni ya kamata ya ba." Ta shige gidan mahaifinta.

Na kulle ƙofar bene na sa mabuɗin a aljihu. Kwana biyu masu badujala suna yin shiru in sun zo saitin gidana. Wani ya jefi tagar da gwangwanin giya. Mahaifiyata ta kira sau huɗu, ban canza magana ba.

Ranar Laraba, da toka a goshina, na sauke tutar da hannuna.

Majalisa ta cire ni, ni da na zama mace ta farko a cikinta bayan shekara shida ina nema. Riet ta aiko cewa kada in je jana'iza. Daga taga na ga motar gawa ta wuce a hankali, tana taka guntayen takardu masu launi da ruwan sama ya manna a ƙasa.

Ban iya ɗinki ba. Maɓallin Kawu ya zauna a karkace a gefen tutar, kusa da na matarsa.